Yadda Likitan Japan Ya Shiga Tsakanin Maɗori da Ɗansa

A shekarun da nake da gidan kallo a Agege, can bayan layin dogo, babu wanda ya kai ni jin harsuna a duk faɗin Legas. In ka cire Kano da Kwatano ban taɓa zuwa ko'ina ba, amma Indiyanci, Sinanci, Turkanci, har da wani yare da har yau ban san na wace ƙasa ba ne, duk na fassara su da lasifika a hannu, ban taɓa yin tuntuɓe ba. Aikin ba shi da wuya. In bakin mutum ya motsa a talabijin, nawa ma sai ya motsa. In nasa ya tsaya, sai in yi ƙoƙarin tsayar da nawa, wanda shi ne ɓangaren da ban taɓa ƙwarewa a kai ba.

Rumfar kwano ce mai bencina, da fanka guda ɗaya da ke juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan don kowa ya samu rabonsa. Asabar da Lahadi ƙwallo, sauran ranaku kuwa bayan azahar fim. Masu zuwa su ne mahautan Oko-Oba da suka gama aikin safe, wasu sun yi wanka, wasu sun yi niyya, sai 'yan okada da rana ta koro, sai samarin ci-rani da ba su samu aikin yini ba.

Wani abokina ɗan Maraɗi, mai gadi a gidan wani Bature a Ogba, shi ya kawo min faifan da ya jawo wannan labari. Baturen zai koma ƙasarsu, ya tara tarkace a kwali ya ce a zubar. Shi kuwa ɗan Maraɗi tun da aka haife shi bai taɓa zubar da komai ba, ko ruwan wanke hannu sai ya yi shawara. A bangon faifan akwai wani tsoho mai sanƙo ya murtuke fuska kamar an ci masa tuwo. Ina ganin fuskar na ce shi ke nan, ga shugaban 'yan kareti. Na ɗauki alli na rubuta a allon ƙofa: SABON CANIS, DUKA BA SASSAUCI.

Rumfa ta cika har bakin ƙofa. Na sa faifai, sai hoto ya fito baƙi da fari.

"Oga, kalar ta ƙare ne?" in ji wani ɗan okada.

Na ce masa ya yi haƙuri, sai an fara zubar da jini kalar take zuwa.

Matsala ta biyu, rubutun da ke bi ta ƙasa ba Turanci ba ne da nake ɗan tsinta, Faransanci ne. Dole na jawo ɗan Maraɗi na zaunar da shi a gefena, tunda ya ce ya yi lakwal, wato bokon Faransanci na ƙasarsu, har aji huɗu. Shi ya karanta ya raɗa min a kunne, ni kuma in sa wa maganar gishiri da magi in miƙa wa jama'a.

"Me ya ce?"

"Bo, ya ce ruwa za ya zo."

"Jama'a, tsohon nan ya ce duk wadda ba ta kwashe shanyarta ba ta kuka da kanta, don hadarin da ke tafe ko kakansa bai ga irinsa ba!"

Can ɗan Maraɗi ya ƙara raɗa min, "Kai, wanga ba Canis ba ne, Japan ne. Kuma tsohon ba ɗan kareti ba ne, lokotoro ne."

Na ce masa ya rufa min asiri, ya bar wannan a cikinsa.

Labarin dai na wani tsohon likita ne a ƙauyen masunta, yana yawo gida-gida a kan keke, ruwan sama na dukansa. Aka turo masa wani saurayin likita daga birni, da kwat da takalmi mai ƙyalli da ilimi cike da kai. Tsohon bai ba shi aikin komai ba sai ɗaukar jaka, da dafa ruwan zafi, da riƙe fitila. Ba ya yaba masa, ba ya ma dubansa. Mu kuwa muna zaune muna jiran duka. Da saurayin ya fusata ya nufi ɗakin tsohon ya tsaya a ƙofa ya cire takalmi, wani mahauci, ƙato ne da shi kaɗai yake kayar da bijimi, ya miƙe tsaye ya ce, "Yauwa! Ya cire takalmi, za a fara!"

Saurayi ya shiga, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma, ya gaishe da tsoho.

Sai wani dattijo daga baya ya ce, "Ikon Allah. Wannan yaro ɗan mutunci ne."

Daga nan aka manta da duka. Aka zo wurin da suka shiga bukkar wani tsohon masunci da ciwo ya cinye masa baya, 'yan'uwansa sun gudu saboda wari, saurayin likita ya toshe hanci da hankici. Tsohon likita ya naɗe hannun riga, ya wanke ciwon a hankali, ya ɗago kan mara lafiya ya ba shi kunu da cokali, yana hura kowane cokali kafin ya kai masa baki. Saurayin ya daɗe a tsaye, sannan ya sauke hankicin ya cusa a aljihu, ya matso da fitila. A wurin nan ko ni ban ƙara gishiri ba, don babu wanda ya yi magana a fim ɗin. Na waiga sai na ga ƙaton mahaucin nan yana share ido da hula. Ya ce barkonon Iya mai tuyar ƙosai ne ya shigo ta taga. Rumfata ba ta da taga.

Kafin a ce haka, fim ɗin likita ya kori Indiya ya kori Canis. In na sa wani abu daban sai a yi min ihu, "A sa mana tsoho!" A teburin mai shayi ba a hirar komai sai ta mutanen Japan. Suna cire takalmi a ƙofa, suna zama a tabarma, yaro ba ya haɗa ido da babba, mace tana miƙa abu da hannu biyu. Wani ya ce Fulani ne da suka ɓace da shanu suka ɓulla ta can. Wani ya rantse tsohon likitan kamarsu ɗaya da ƙanen babansa na Bichi, har tafiyar. Ladanin masallacinmu, da aka ja shi ya kalla sau ɗaya, ya fito yana girgiza kai ya ce, "Mutanen nan kalmar shahada kawai ta rage musu." Abin da ya fi kama mu shi ne kunyarsu. Mutum yana ƙaunar mutum kamar ransa, amma ya gwammace ya yi masa zancen ruwan sama. Muka ce wannan ai gidanmu ne aka ɗauka ba mu sani ba.

To a unguwarmu akwai wani tsoho maɗori, kowa Baba yake ce masa. Ɗori gadonsu ne tun kakannin kakanni, daga wani ƙauye a ƙasar Kano. Tun yana saurayi ya zo Legas, kuma tun da aka ƙirƙiro okada bai sake yin zaman banza ba. Ni a ƙiyasina babu ƙafa a Agege da ba ta taɓa bi ta hannunsa ba, har da ta teburin mai shayi. A gida da karan dawa ake ɗaure karaya, a nan babu kara, sai ya koma fere gora. Man kaɗe, tsumma mai tsabta, tofi, sai yatsun nan nasa da ke jin ƙashi ta cikin nama kamar yana lalube a aljihunsa.

Mai taya shi aiki ɗansa ne na fari, haifaffen Legas, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, magidanci da mata da 'ya'ya. Kun san kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yi masa magana kai tsaye ba. In yana son almakashi sai ya dubi bango ya ce, "Da za a samu almakashi." In yana son ya faɗa masa ya ci abinci sai ya tambayi akuya ko mutanen gidan nan sun ci. Mu da muka tashi muka gan su haka, mun ɗauka bangon ne ɗan Baba, shi kuma wancan maƙwabci ne mai yawan taimako.

A ƙa'idar gidansu, ɗa ba ya ɗora ƙashi sai uba ya ba shi izini, ya yi masa tofi a tafin hannu. Kafin nan aikinsa riƙo ne kawai. Shi zai danne mai karaya, shi zai riƙe ƙafa, uba ya ja ya daidaita. Ɗan Baba tun bai fi tsayin benci ba yake riƙo, har furfura ta fara leƙo masa a gemu yana riƙo. Baba yana jira a roƙe shi izini, don a wurinsa malami ba ya tallar abin da ke hannunsa. Ɗan kuma yana jira a ba shi, don ba a koya masa yadda ake buɗe baki a gaban uba ba. Kowa yana jiran kowa. Sai labari ya bazu cewa ɗan ya samu aiki a wani asibitin kuɗi a Ebute Metta, inda zai riƙa taya masu naɗa filasta, wadda mu muke kira siminti. Farkon wata zai fara, har ya kama ɗaki a can. Sauran 'ya'yan Baba mata ne, sai auta mai sayar da waya da ko jinin kaza ya gani sai ya nemi wurin zama. In ɗan fari ya tafi, ɗorin gidan ya ƙare a kan Baba. Kowa a unguwa ya san haka, kuma kowa ya san Baba zai fi yarda motar danfo ta bi ta kansa da ya ce "kada ka tafi."

Baba ba ya shiga gidan kallo, yana ganin wurin 'yan zaman kashe wando ne, kuma ban ce ya yi ƙarya ba. Amma da hirar likita ta ishe shi, wata rana sai ga shi da sandarsa. Aka ba shi bencin gaba. Ya kalla daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba, in ban da da aka tashi la'asar ya ce kada wanda ya taɓa masa wuri. Ɗansa yana can bencin ƙarshe, dama shi kullum yana nan.

Washegari da hantsi ina sharar rumfa sai ga Baba. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi janareta, ya tambayi fanka. Sannan ya ce, "Tafinta, wurin nan da tsohon da yaron suke zaune a baranda suna shan shayi, ruwa na zuba. Tsohon me yake cewa?"

"Baba, cewa yake ruwan bana ya yi yawa."

"Shi ke nan?"

"A Faransanci shi ke nan. A Hausa yakan ɗan fi haka."

Ya daɗe yana kallon ƙasa yana zana ta da sanda. "To tunda yakan fi haka, ba zai iya cewa sana'ar da kaka ya bar wa uba, ba a barinta a tafi naɗa wa mutane siminti kamar ana gina shago ba?"

Na ce, "Baba, ai ina jin dama abin da yake nufi ke nan, ɗan Maraɗi ne bai karanta da kyau ba."

Da rana aka sa fim. Aka zo baranda. Tsohon likita ya kurɓi shayi ya furta kalma biyu, wataƙila uku. Ni kuwa na kama lasifika na fara. Na yi maganar kaka, na yi ta kakan kaka, na yi ta siminti da yadda ƙafa ke ruɓewa a ciki ba a gani. Tsoho ya daɗe da rufe baki, an nuna ruwa yana zuba daga indararo, an nuna kyanwa ta wuce, an nuna teku, ni ina nan ina jawabi.

"Tafinta!" in ji ƙaton mahauci. "Wancan makon ba haka ya ce ba!"

"Japananci ke nan," na ce. "Kowane kallo da abin da yake fitowa. Kai da ko Yarbanci ya gagare ka, zauna."

Ban waiga bencin ƙarshe ba, amma na ji idanu a ƙeyata.

Bayan an watse sai ga ɗan Baba, yana taya ni tattara bencina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Yaya, Japanancinka ya ƙaru fa."

"Ana ta ƙoƙari."

"To shi ƙaramin likitan, in ya ajiye kofi yakan ce wani abu, ko?"

"Yakan ce na gode."

"Gobe in ya gama godiyar, ya ƙara da cewa mutumin da ya tsufa yana riƙe ƙafa, ba gado aka ba shi ba, ƙafa aka ba shi. Kuma ya ce in ana son ya zauna, duk wanda aka kawo a fara tura shi a ɗauko hoton ƙashi, wanda ƙashinsa ya huda fata kuwa a wuce da shi asibiti, ba a wasa da wannan."

Na ce, "Ƙanena, duk wannan a cikin na gode?"

"Kai da ka fitar da siminti daga ruwan sama?"

Haka aka buɗe zaman sulhu mafi tsawo da aka taɓa yi a Agege. Da hantsi uba ya zo ya ba ni abin da tsohon likita zai ce, da yamma ɗa ya zo ya ba ni amsar ƙaramin. Tsohon likita ya ce yatsunsa sun ga ƙashi tun kafin a haifi wanda ya ƙera injin hoto. Ƙaramin ya ce yatsu ba sa ganin ƙashin da ya tsage gida uku. Tsohon ya ce ɗalibi ne ke roƙon izini. Ƙaramin ya ce ɗan da aka hana ɗaga ido, ta wace ƙofa zai shigo da roƙo? Tsohon ya ce Ebute Metta sauro ya yi yawa. Ƙaramin ya ce akwai gidan sauro. Mutum biyu da tun da suke ba su taɓa haɗa jimla uku a tsakaninsu ba, sai ga su suna musu kullum a gaban jama'a, kowa ya kafe ido a talabijin kamar bai san da ɗayan a rumfar ba.

Unguwa kuwa ta gane tun rana ta biyu. Ba wanda ya faɗa, amma rumfa ta riƙa cika irin cikar da ko wasan ƙarshe na kofin duniya bai taɓa yi min ba. Mahauta suka goyi bayan tsoho, 'yan okada suka goyi bayan hoto, tunda maganar ƙafafunsu ake yi. Da an fara fim sai a ce, "Tafinta, wuce da mu baranda!" In an gama jawabi a ce in mayar baya a sake ji, in mayar, in sake, wani lokaci har da ƙarin da ba a aiko ni da shi ba. Wani yaro sabon zuwa daga ƙauye ya ja rigar na kusa da shi ya ce, "Ashe a Japan ma akwai Ebute Metta?" Aka ce masa akwai, har da layin dogo. Ɗan Maraɗi ne kawai abin ya dama. Yana zuwa ya zauna a gefena ya bi rubutun da yatsa ya ce, "Wallahi babu wanga a ciki." Na ce masa aji huɗu ya yi, wannan karatun aji biyar ne.

Duk da haka magana ba ta matsa ko taƙi ɗaya ba, wata kuma yana ta ƙarewa. Matar ɗan Baba ta fara ɗaure kwanuka a buhu. An ga shi kansa ya je ya sayo farar riga irin ta ma'aikatan asibiti.

Ana jibi zai tafi, Baba ya zo da hantsi kamar kullum, amma bai tambayi janareta ba. Ya zauna a benci ya miƙo min hannunsa na dama ya ce, "Kama." Na kama. Ya ce, "To, ina matsawa." Na jira in ji matsi. Hannun da a da in ya gaishe ka sai ka ƙirga yatsunka, yanzu kamar an ɗora min tsumma.

"Shekaranjiya aka kawo wani ɗan okada," in ji shi. "Na ja, ƙashi bai biyo ni ba. Wancan da ke riƙe, sai ya sa babban yatsa ya tura shi ya zauna. Ya yi kamar bai yi ba. Ni ma na yi kamar ban gani ba. Ba ranar aka fara ba."

Can na ce, "To Baba, yau me tsohon zai ce?"

Ya miƙe ya dogara sanda. "Ban sani ba. In an zo wurin ka dube ni."

Ranar har kan katanga mutane suka hau. Iya mai ƙosai ta matso da kaskonta bakin ƙofa, ta ce ita ma tana da ƙafa. Aka wuce keke, aka wuce masunci, aka zo baranda. Tsohon likita ya ɗaga kofi, ya kurɓa, ya buɗe baki. Na dubi Baba, Baba yana duban takalminsa. Na sake duban talabijin, sai na ga bakin tsoho a buɗe yake har yanzu. Ruwan indararo ya tsaya a iska. Faifan ya maƙale, daidai wurin da na yi ta mayarwa baya har ya gaji da ni.

Na cire shi na hura, na goge da gefen riga, na mayar. Ya zo wurin ya tsaya. Wani ya ce a shafa man goge baki, aka shafa. Wani ya ce a yi masa tofi, ai ga masu abin a kusa, aka yi dariya kaɗan aka bari. Na sake mayarwa, tsoho ya buɗe baki ya tsaya cak. Da Baba ya ba ni saƙo da na faɗa ko bakin bai motsa ba, amma hannuna babu komai, kuma wannan ba irin maganar da zan ƙago ba ce. Na ajiye lasifika a kan cinya.

Sai Baba ya gyara murya. Bai waiga ba. Ya nuna talabijin da sanda, ya yi wa tsohon likitan Japan magana kamar sun yi makarantar allo tare.

"Kai tsoho, tunda bakinka ya maƙale, bari in taya ka. Ka gaya wa yaron nan naka hannu ya mutu. Ya daɗe da mutuwa, shi ma ya sani. Akwai mai ɗaukar nama daga Oko-Oba da ya zame ya karya ƙwauri, gobe da safe za a kawo shi. Ni a waje zan zauna. In hoto yake so, a je yau a ɗauko. Wanda ya ga ya fi ƙarfin gora ya tura asibiti, ba zan tambaya ba. Ka ce ya zo da alwala."

Ba wanda ya motsa. Duk rumfa ta ƙi waigawa baya, don kada a ba mutum kunya, amma kunnuwa duk sun koma can. Sannan daga bencin ƙarshe muka ji murya, ita ma talabijin take yi wa magana.

"Ƙaramin likita ya ce ya ji."

"Ebute Metta fa?" in ji ƙaton mahauci, wanda Allah bai ba shi haƙuri ba.

"Ya ce sauro ya yi yawa."

Rumfa ta fashe. 'Yan okada suna buga benci, mahauta suna kabbara, Iya tana tambaya da Yarbanci wa ya ci. Baba ya tashi ya fita ta tsakiyar hayaniyar fuskarsa a murtuke, kamar an ɓata masa rai da wannan fim mara kala.

Washegari da sassafe na je, ba don gulma ba, don dai hanyata ce in na zagaya. Na tarar an kawo mai ɗaukar naman a bayan wata motar kaya, hoton ƙashinsa a babban ambulan. Ɗan Baba ya fito da danshin alwala a hannu, ya durƙusa ya buɗe tafukansa. Baba ya kawar da kai gefe yana karanta abin da zai karanta, ya juyo ya yi tofi da sauri ya sake kawar da kai, har ina jin rabin tofin a takalmina ya sauka. Ɗan ya shafa, ya tashi ya shiga ɗaki. Autan nan mai waya aka sa riƙo, yana shiga yana salati.

Ni da Baba muka zauna a bencin waje. Daga ciki mai karaya ya kurma ihu, Baba ya zabura har sandarsa ta faɗi, sannan ya koma ya zauna.

"Ya yi saurin ja," ya ce wa bango.

Aka sake ihu, gajere. Baba ya karkata kai yana saurare. "A'a. Ya zauna."

Bai shiga ba. Ya yi ta murza hannunsa na dama da na hagu har aka gama ɗauri. Da aka fito da mutumin a kan tabarma, Baba ya sa aka ajiye shi a gabansa. Bai taɓa ba. Ya dubi ƙafar mai lafiya, ya dubi mai gora, ya dubi yadda manyan yatsun biyu suka tsaya kai ɗaya. Ɗan yana tsaye a bakin ƙofa yana goge man kaɗe a tsumma, idonsa a ƙasa, gumi har gemu.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo gare ni ya ce, da ƙarfin da za a ji har bakin ƙofa, "Tafinta, ba laifi. Tsohon nan na Japan ya iya koyarwa."